Yadda ake canja kayan wutar babur mai bugu biyu, daga buji har cikin bolan

Tambayar da masu DT 125, DT 175 da AG 100 suka fi yi a Tawa ita ce: babur ya ɗauke wuta, an sa sabon buji bai tashi ba, me za a saya kuma? Da yawansu kafin su yi tambayar sun riga sun sayi CDI, wato ɗan akwatin lantarki da ke sarrafa wutar buji, don shi ne sunan da kowa ya sani. Sau da yawa kuwa CDI ɗin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana cikin wata waya da ta goge ko makunni da ƙura ta cika. Don haka aikin nan gwaji yake fara zuwa, saye ya biyo baya. Matakan sun shafi inji mai bugu biyu, wanda makanikai ke kira de-tan, ko na Yamaha ne ko Suzuki TS.

Ga hanyar wutar a taƙaice, don ka san abin da kake bi. Bolan, wato faifan ƙarfe mai maganaɗisu da ke gefen hagu na inji, yana juyawa, bobin (naɗin waya) mai caji da ke bayansa ya haifar da wuta, CDI ya tara ta, bobin mai ba da lokaci ya ce masa ya saki, bobin na ƙarƙashin tanki ya ɗaga ta zuwa dubban volt, ta bi waya mai kauri da hula ta fita a bakin buji.

Kayan aiki

Kilen buji mai lamba 21, kile 8, 10 da 17 ko 19 na notin bolan, turnabis na bugawa, mitar awon wuta mai auna om, ma'aunin tazara, sanfefa mai laushi, dalma da ƙarfen liƙi, salatif, silikon, alƙalami mai fenti, da tsumma mai tsabta. Sai abubuwa biyu da ba su da madadi: abin riƙe bolan da arash na cire shi. Yawancin ƙananan Yamaha arash ɗinsu M27 x 1.0 ne mai zaren hagu. Idan ba ka da shi, ka ara ko ka yi haya a garaji. Kada ka soma aikin ciki ba tare da shi ba.

1. Tabbatar cewa wutar ce

Kwance buji ka duba bakinsa. Idan ya jiƙe da mai, mai yana zuwa, wuta ce babu. Idan a bushe yake ƙamas bayan ka yi kik sau da yawa, koma wajen famfon tanki da kafireta tukuna.

Sa sabon buji a hula, ka danna zarensa a jikin kan silinda, ka buɗe makulli, ka yi kik da ƙarfi. A inuwa za ka yi wannan, domin a ranar Tawa tartsatsi mai kyau ma ba ya ganuwa. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ake so. Ja ko rawaya siririya ba ta isa ba, tana iya fita a sarari ta kasa fita a cikin silinda inda iska take matse. Gwaji mafi inganci shi ne na'urar gwajin tartsatsi, a buɗe ta milimita 6. Wutar da ta kasa tsallake wannan tazara tana da rauni.

Gargaɗi: kada ka yi kik alhali buji bai taɓa ƙarfen inji ba. Wutar da ta rasa mafita tana komawa ta ƙona bobin ko CDI. Kuma ka nisantar da bujin daga raminsa, tururin man fetur yana fitowa ta nan.

2. Makulli da makashi

Wannan matakin ba ya cin ko dala, kuma shi ake yawan tsallakewa. A baburan nan, kashe inji yana nufin haɗa wata waya da mas, wato ƙarfen jikin babur. A Yamaha wayar baƙa ce mai farin layi. Nemo ta kusa da CDI, ka zare ta daga mahaɗinta, ka sake gwada wuta. Idan wuta ta dawo, ka huta: matsalar tana cikin makulli, ko makashin da ke kan hannu, ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Wurin da ta fi gogewa shi ne wuyan babur, inda wayoyi ke lanƙwasawa duk lokacin da aka juya kai. Hanyoyin Adar masu duwatsu da gargada suna gaggauta wannan. Wasu samfura suna da makunni a jikin jak na gefe, shi ma ka duba shi.

Ka tuna, muddin wayar nan a zare take, makulli ba zai kashe injin ba. Idan ya tashi, sa giya ka taka birki ka saki kuloci a hankali.

3. Hula, waya da bobin na sama

Murɗo hular buji daga wayarta, ka auna ta. Mai rezistans a ciki tana ba da kusan om 5,000. Idan mita ba ta nuna komai ba, ko ta haura nesa da haka, hula ta mutu. Dubi bakin wayar: in ya yi kore ko baƙi, yanke santimita ɗaya ka murɗa hular a sabon wuri.

Cire tanki ka kai ga bobin. Kafin ka auna, haɗa bakunan mitar biyu ka ga abin da take nunawa, ka riƙa cire wannan daga sakamakon, domin awon farko ƙanƙane ne ƙwarai. Tsakanin ƙaramar waya, wadda ruwan lemo ce a Yamaha, da ƙarfen bobin, za ka samu abin da bai wuce om ɗaya ko biyu ba. Tsakanin waya mai kauri da ƙarfen, dubbai ne, galibi 5,000 zuwa 10,000 ba tare da hula ba. Ainihin lambar tana cikin littafin samfurinka.

Kwance bobin ɗin ka goge mazauninsa da sanfefa har ƙarfe ya yi fari. Ta nan yake samun mas. Tsatsa ko fenti a wurin kaɗai ya isa ya raunana wuta.

4. Auna bobin na cikin inji tun daga waje

Ba sai ka buɗe bolan ba. Bi wayoyin da suka fito daga gefen hagu na inji har mahaɗinsu, ka raba. Bobin mai caji yana ba da ɗaruruwan om. Mai ba da lokaci ya fi shi ƙanƙanta a yawancin samfura, daga goma-goma zuwa ƴan ɗaruruwa. A Yamaha wayar mai caji takan zama ruwan ƙasa ko baƙa mai jan layi, ta mai ba da lokaci fara mai jan layi, amma babur da ya wuce hannun makanikai da yawa ba a dogara da launin wayarsa. Bi ta da ido har tushenta.

Lambobin littafi an auna su ne a zafin digiri 20. Tagulla tana ƙara rezistans da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai 40, awonka zai ɗara na littafi da kusan kashi 8 cikin ɗari. Wannan ba lalacewa ba ce. Lalacewa ita ce mita ta nuna sifiri, ko ta nuna waya a tsinke, ko lambar ta riƙa tsalle idan ka motsa wayar.

Akwai ciwon da awon safe ba ya kamawa. Babur ya tashi lafiya, ya yi tafiyar minti 15 ko 20, ya mutu, a zauna ƙarƙashin itace ya huce, ya sake tashi. Wannan siririyar waya ce a cikin bobin da ke rabuwa idan ta yi zafi, ta koma ta haɗu idan ta huce. Riƙe mita da kilen buji a aljihu, ka yi tafiyar, da ya mutu ka gwada wuta ka auna nan take. Wanda ya canja lamba da zafi, shi ne mai laifi.

Shi CDI mitar gida ba ta iya yanke masa hukunci. Sai komai ya fita lafiya sannan zargi ya hau kansa, kuma hanyar tabbatarwa ita ce a aro na wani babur irin naka sak, a jona, a gani.

5. Sayen kayan

Buji da hula su ne mafi araha, ka canja su duka ko da ba su ne suka mutu ba. Bobin na sama yana biye. Farantin bobin na ciki da CDI na asali su ne masu cin jakunkuna, kuma kuɗinsu yana motsi da canjin naira da sefa, tunda kaya da yawa ta Konni suke shigowa. Na hannu da aka ciro daga wani babur ana nemansu a Katako a Yamai. Na asali na hannu da ya ci gwajin mita ya fi sabo marar suna. Idan a ƙetaren iyaka za a sayo maka, ka ce fulogi da koyil maimakon buji da bobin, kuma ka aika da tsohon ko hotonsa da lambar da ke jikinsa.

Tafi da tsohon kayan da mitarka. Gwada ramukan noti, yawan wayoyi da siffar mahaɗi a gaban mai shago. Kafin ka miƙa kuɗi ku yi magana a kan mayarwa, domin ƴan kasuwa ba sa son karɓar kayan wuta da aka riga aka jona.

Babban gargaɗin sayen nan: kada ka karɓi CDI na babur mai bugu huɗu, irin na ƴan kabu-kabu, don kawai yana da araha kuma mahaɗinsa ya shiga. Zai iya tayar da injin, abin da ke ruɗar mutane ke nan. Amma shi yana ƙara gaggauta wuta ne yayin da inji ke ƙara gudu, alhali mai bugu biyu yana son a ja wutar baya a babban gudu. Sakamakon shi ne zafi, ƙarar ƙwanƙwasa, daga ƙarshe rami a kan fistan. Haka kuma CDI iri biyu ne, mai shan wuta daga bobin mai caji da mai sha daga batir. Idan aka musanya su, ko dai babu wuta ko sabon ya ƙone.

Buji kuwa ka bi lambar littafi. Ga yawancin DT, NGK B8ES ko BR8ES ko BR9ES ne gwargwadon samfuri. A NGK ƙaramar lamba ita ce mai zafi, don haka kada ka sauka zuwa 6 don gudun baƙin hayaƙi a bakin buji. Jabu suna da yawa, dubi tsabtar rubutun da ke jiki da zoben da bai kamata ya zare da sauƙi ba.

6. Cire bolan

Rufe famfon mai, cire makulli, in akwai batir zare wayarsa ta mas. Wanke gefen inji kafin ka buɗe, kada yashi ya zuba ciki. Cire ƙarfen sa giya idan ya tare, sannan murfin hagu.

Riƙe bolan da abin riƙewa, ka kwance notin tsakiya. Ajiye shi da washarsa a jere yadda suka fito. Murɗa arash cikin zaren bolan da hannu, ta hagu, har ya shige sosai. Idan zare biyu ko uku kawai ya kama, zai tsige su ya bar ka da bolan da ba ya ciruwa. Daga nan ɗaure notin tsakiyar arash a hankali har ka ji bolan ya saki da ƙara ɗaya. In ya ƙi, bar shi a ɗaure, ka ɗan buga kan notin arash sau ɗaya, ba bolan ba.

Gargaɗi: guduma a jikin bolan tana raunana maganaɗisu, tana fasa shi, tana kuma iya karkata sandar inji ta lalata boris. Cusa turnabis ta tagar bolan don riƙe shi yana yanke wayar bobin. Waɗannan biyun suna mayar da ƙaramin gyara ya zama buɗe inji gaba ɗaya.

Da bolan ya fito, nemi kilabet, ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke zaune a ramin sandar. Yakan manne a maganaɗisu ko ya faɗa ƙasa, shi ya sa ake shimfiɗa tsumma. Dube shi da kyau. Idan ya karye ko ya yi tsaga a gefe, bolan ya zame daga wurinsa, kuma wannan kaɗai yana sa babur ya ba da wuta mai kyau amma ya ƙi tashi, ya riƙa harbi a salansa ko kik ya mayar maka da ƙafa.

7. Yi alama, sannan ka cire farantin

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya na farantin, ja layi siriri da ya ratsa daga farantin zuwa jikin inji, ka ɗauki hoto da wayarka. Ramukan farantin a samfura da yawa dogaye ne, ana juya shi don saita lokacin wuta. Wanda ya cire bai yi alama ba ya ɓatar da saitin.

Notukan nan masu kan gicciye suna da taushin kai. Sa turnabis na bugawa tun farko, kada ka bari kan ya lalace. Zare robar da wayoyi suka bi ta cikinta, ka fito da farantin.

Yanzu dubi bayansa. Wurin nan ya kamata ya kasance a bushe. Idan ka ga danshin mai, sil ɗin sandar inji ya mutu, kuma yana tsotsar iska zuwa cikin inji, abin da ke sa gudu ya riƙa hawa da kansa, fistan ya yi zafi. Canja shi yanzu tunda hanya a buɗe take. Kama bakin sandar ka girgiza sama da ƙasa, in akwai motsi boris ya tafi, kuma bolan zai goge sabon bobin ɗinka. Idan tsatsa da busasshen laka ka tarar, ruwa ya shiga, galibi wajen tsallake kori da damina, sai ka lura da mataki na 10.

8. Ɗaura sabo

Goge mazaunin farantin har ya yi tsabta, nan ma hanyar mas ce. Ɗora sabon a gefen tsohon ka kwafe alamarka, ka zaunar da shi, ka ɗaure notukan ba can ba. Idan bobin ɗaya kawai kake canjawa a kan tsohon faranti, liƙa wayarsa da dalma ka rufe. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta daɗewa a wurin da ke da zafi da girgiza haka. Kwantar da wayoyin yadda bolan ba zai shafe su ba.

Wanke tsukakken bakin sandar da cikin bolan da man fetur, ka bar su su bushe. Kada giris ko man inji ya taɓa wurin. Matsewar ƙarfen biyu ce ke riƙe bolan, kilabet wuri kawai yake nunawa. Cire duk ɓarɓashin ƙarfe da ya manne a maganaɗisu. Zaunar da kilabet daidai, ka tura bolan kana kallon raminsa, don yakan ture kilabet baya ba ka sani ba. Ɗaure noti da kile mai awon ɗauri, gwargwadon littafi. A injunan 125 da 175 abin yakan faɗa tsakanin Nm 50 da 80. Notin da bai ɗauru ba shi ne ke karya kilabet. Juya bolan da hannu, kada ka ji yana gogar komai.

CDI ya koma cikin robarsa, nesa da salansa. Jona mahaɗai ɗaya bayan ɗaya kana duba hoto, wayar mas farko.

9. Saita lokacin wuta

Idan farantin irin na asali ne kuma alamarka ta hau daidai, ka yi kusa. Amma ka tabbatar. Ana auna lokacin ne da nisan fistan kafin ya kai ƙololuwa, kuma a tsofaffin DT 125 da 175 milimita 1.8 ne. Sa agogon awo a ramin buji, ka juya bolan har allura ta tsaya ta fara komawa, nan ne ƙololuwa, ka sa sifiri. Danna kik da hannu a hankali ka ga inda bolan yake juyawa, sai ka juya shi akasin haka har ya ɗan wuce 1.8, ka dawo gaba ka tsaya a kanta. A nan alamar bolan da ta faranti ya kamata su haɗu. In ba su haɗu ba, juya farantin, wanda a wasu samfura yana nufin sake cire bolan. Ka yi haƙuri ka cire.

Kada ka raina ƙaramin kuskure. A injin da fistan ɗinsa ke tafiyar milimita 50, kuskuren milimita ɗaya a wannan wuri kusan digiri 5 ne. Wuta da ta yi gaba da yawa tana sa kik ya yi harbi, inji ya yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an ja mai a hawa, sannan ta huda fistan. Wadda ta yi baya tana kashe ƙarfi, salansa ya yi zafi fiye da kima. Sandar da ake cusawa a ramin buji ana awo da ido ba ta iya raba 1.8 da 2.5.

Masu tsohon babur mai bis-platine, wato ɗan makunni mai buɗewa da rufewa da ke aiki a madadin CDI: fara saita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, sannan ka tabbatar yana fara buɗewa daidai kan 1.8, da mita ko siririyar takarda da za ta saki a daidai lokacin. Canja kondansa tare da shi. Bakin da ya yi ramuka ya ƙone alama ce kondansa ya gaji.

10. Rufewa da gwajin hanya

Saita bakin buji milimita 0.7 zuwa 0.8, ka sake gwajin mataki na 1. Wuta ta fito, murɗa bujin da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara rabin juyi da kile idan sabo ne. Wanda aka taɓa ɗaurawa ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Kan silinda alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.

Mayar da wayar makashi, ka tayar, ka gwada makulli da makashi duka suna kashewa. Shafa silikon kaɗan a robar wayoyi, sa sabon gasket a murfi. Idan murfin yana da ƙaramin ramin zubar ruwa a ƙasa, kada ka toshe shi. Ɗaure wayoyi nesa da sarƙa da salansa, ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe ka ga babu wadda ta miƙe.

Yi tafiyar minti 20 zuwa 30 da rana, har inji ya yi zafi sosai, da ɗan hawa a ciki, kana sauraron ƙwanƙwasa. Ka kashe, ka bar shi minti biyu, ka tayar da zafinsa. Bayan ya huce kwance buji: ruwan ƙasa mai haske shi ne daidai. Fari mai ɗigon toka ko ƙyallin ƙarfe yana nufin ka tsaya nan, ka koma mataki na 9 da sil ɗin mataki na 7. Baƙi mai maiƙo kuma ka duba matatar iska da yawan man da ake gaurayawa. Bayan tafiyar mako guda, buɗe murfin hagu ka sake gwada ɗaurin notin bolan.